Digiri 31: Tarihin tukunyar iska, daga gidajen giyar Turai zuwa hanyar Batsari da Safana

Duk wanda ya taɓa ɓalle marfin kwalbar lemo ya san ɗan hucin nan da ke fita, da kumfar da ke biyo bayansa. Abin da ke fitowa iska ce da masana ke kira kabon dayoksaid, ko iskar kabon a taƙaice. Ita ce mutum ke fitarwa duk sa'ad da ya yi numfashi, ita ke kumbura ƙullun waina da na burodi, ita kuma ke tashi daga gawayi idan ya kama sosai. Ba baƙuwa ba ce a ko'ina. Abin da yake sabo shi ne a matse ta har ta zama ruwa, a kulle ta cikin tukunyar ƙarfe, a ɗora a mota zuwa wani gari, in ta ƙare a dawo da tukunyar a sake cikawa. Wannan sana'a ba ta cika shekara 150 da kafuwa ba.

A Turai da Amurka, cikin masu yawan ɗaukar ƙananan tukwanen kabon akwai masu dafa giya a gida, waɗanda ke amfani da iskar wajen turo giyar daga gangar ƙarfe zuwa kofi. A Batsari da Safana, da ke yammacin Jihar Katsina, wannan ba al'ada ba ce, addini da doka kuma ba su ba ta wuri ba. Sai dai tukwanen iska iri-iri suna yawo a kan hanyoyin yankin: ta gas ɗin girki, ta masu walda, ta oksijin da ake kai wa asibiti, ta masu gyaran firji, da jar tukunyar kashe gobara da ake ratayewa a gidajen mai. Da yawa daga ƙa'idojin ɗaukar waɗannan tukwane da cika su an fara koyon su ne a kan tukunyar kabon, kuma ba a koye su ba sai da aka yi asarar rayuka.

A tsakiyar ƙa'idojin akwai lamba guda: digiri 31 a ma'aunin Selshiyos. A ƙasashen da aka ƙirƙiro tukunyar, zafi ne da ake gani kwanaki ƙalilan a shekara. A yammacin Katsina kuwa, da wuya rana ta take tsaka da bazara ba a wuce shi ba.

Iskar da aka fara kamawa a kan kaskon giya

Masu haƙar rijiya da masu yasarta, a ƙasar Hausa da sauran sassan duniya, sun daɗe da sanin cewa akwai rijiyar da iskar ƙasanta ke kashe fitila, ta kuma sumar da wanda ya shiga. Sun san aikinta tun ba su san sunanta ba. Wanda ya fara ware ta a rubuce a matsayin wani abu daban da iskar da ake shaƙa shi ne Jan Baptist van Helmont, likita daga yankin da ake kira Beljiyam a yau, wanda ya rasu a 1644. Ya lura cewa idan aka ƙona gawayi, tokar da ke saura ba ta kai ko kusa da nauyin gawayin ba, sai ya ce sauran ya tafi ne a matsayin wani abu da ido ba ya gani. Ya kuma gane cewa abu ɗaya ne ke tashi daga ruwan inabi mai tsimuwa. Shi ya ƙirƙiro kalmar "gas", wadda yau ke bakin kowace mai girki a Katsina.

Bayan fiye da shekara ɗari, a wajajen 1754, Joseph Black na Sikotilan ya fitar da iskar daga dutsen alli da makamantansa, ya nuna ta fi iskar gari nauyi, tana kashe wuta, kuma dabba ba ta rayuwa a cikinta. Daga nan sai Joseph Priestley, wani malamin coci da ya koma birnin Leeds na Ingila a 1767, ya samu gida a maƙwabtan wani gidan dafa giya. A saman manyan kaskon da giyar ke tsimuwa, iskar kabon kan taru ta kwanta saboda nauyinta. Priestley ya riƙa juya ruwa daga kofi zuwa kofi a cikin wannan iska, sai ya ga ruwan ya sha ta, ya samu ɗan kaifi a harshe. A 1772 ya wallafa yadda ake yin haka. Ya yi fatan ruwan zai magance cutar da ke addabar matuƙan jiragen ruwa saboda rashin bitamin C. Bai magance ta ba, amma ya haifar da kasuwa: a 1783 Johann Jacob Schweppe ya fara sayar da irin wannan ruwa a Jeniba, a 1792 ya kai sana'ar Landan, sunansa kuma na nan a kan kwalabe har yau.

Matsalar wancan zamani ita ce duk mai son iskar sai ya haɗa ta a inda yake, ta hanyar zuba ruwan asid a kan alli. Ba a iya ɗaukar ta da yawa, domin kilo ɗaya kacal yana cika wurin da ya haura lita 500. In ana son ta yi tafiya, dole a matse ta.

Ƙarfen da ya fashe a Faris

A 1823 Michael Faraday, yana aiki tare da Humphry Davy a Landan, ya matse iskar kabon a cikin bututun gilashi har ta zama ruwa. Kaɗan ce ya samu, kuma irin waɗannan bututu kan fashe. Bafaranshe Adrien Thilorier ne ya ƙera na'urar ƙarfen zubi da ke samar da ruwan kabon mai yawa. A 1835 ya bayyana cewa idan aka buɗe wa ruwan hanya ya fito da sauri, wani sashensa kan daskare ya zama farar ƙanƙara. Sanyin wannan ƙanƙara ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, kuma ba ta narkewa ta zama ruwa, iska take komawa kai tsaye.

A ƙarshen Disambar 1840, a makarantar koyon haɗa magunguna ta Faris, wani ma'aikaci mai suna Osmin Hervy yana shirya irin wannan na'ura domin darasi sai ta tarwatse. Ɓaraguzan ƙarfe suka karya masa ƙafafu, aka yanke ɗaya, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Ba wuta ba ce ta kashe shi, domin iskar kabon ba ta kamawa. Matsi ne kawai. Daga wannan hatsari aka fahimci cewa ƙarfen zubi, duk kaurinsa, yana da gautsi: ba ya miƙewa ya ba da alama, tsagewa yake yi lokaci guda.

Wanda ya bayyana halin iskar a cikin rufaffen mazubi shi ne Thomas Andrews na birnin Belfast, a 1869. Ya gano cewa muddin zafi bai kai kusan digiri 31 ba, kabon da aka matse yakan rabu biyu: ruwa a ƙasa, iska a sama, da layi a tsakaninsu da ake iya gani. Da zarar zafi ya haura haka, layin sai ya ɓace. Abin da ke ciki ya daina zama ruwa, bai kuma zama iska irin wadda aka sani ba, sai ya cika mazubin baki ɗaya. Daga nan duk matsin da za a ƙara ba zai mayar da shi ruwa ba. A lokacin, masana ne kaɗai suka damu da wannan bincike. Bayan shekara goma sha ya zama batun 'yan kasuwa da masu dako.

Yadda giya ta samar wa tukunyar kasuwa

A 1879 wani malamin makaranta Bajamushe, Wilhelm Raydt, ya yi amfani da ruwan kabon wajen hura wata babbar balan-balan a ƙarƙashin teku, ya ɗago wani ƙaton dutsen anga a tashar jiragen ruwa ta Kiel. A 1880 ya yi rajistar fasahar amfani da ruwan kabon wajen sa wa ruwa kumfa da tura shi. Masu sayar da giya ne suka fi kowa ganin amfanin abin. Kafin nan famfon hannu suke sawa su tura iskar gari cikin ganga, iskar kuwa na ɗauke da oksijin da ƙwayoyin cuta, don haka giyar kan yi tsami cikin kwanaki kaɗan. Iskar kabon na tura ta ba tare da ta ɓata ta ba.

Saura mazubi mai aminci. A tsakiyar shekarun 1880 'yan'uwa biyu, Reinhard da Max Mannesmann na garin Remscheid, suka gano hanyar huda sandar ƙarfe mai zafi ta zama bututu marar ɗinki. Tukunyar da ba ta da wurin haɗi ba ta da layin da tsaga za ta bi, ta kuma fi na da sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba. Doguwar tukunyar da ake gani yau a jingine a shagon mai walda jikar wannan bututu ce. A 1892 William Painter na Baltimore a Amurka ya ƙirƙiro marfin kwalba mai haƙora, wanda ke riƙe iskar a cikin lemo har ya isa hannun mai sha.

Tare da tukunyar aka samu wani tsari da ya kai ta muhimmanci. Tukunyar ta zama mallakar kamfanin iska, mai shago hayarta yake yi. Takan tafi cike ta dawo babu komai, a kowace dawowa kuma akwai wanda zai duba ta, domin in ta fashe sunansa ne a jikinta.

Ta ƙofar lemo ta shigo Arewa

Ƙasar Hausa ta san giyar dawa tun da daɗewa. Burukutu, wadda aka sani a tsakanin Maguzawa, ana shan ta ne tana cikin tsimuwa, kumfarta daga jikinta take fitowa, kuma ba ta jure ajiya. Ba ta bukatar ganga, balle tukunyar iska. Lokacin da Turawan Ingila suka ci Katsina a 1903, sun zo ne bayan Yarjejeniyar Brussels ta 1890, wadda ta taƙaita shigar da barasar Turai yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta hana sayar wa 'yan ƙasa irin wannan barasa a Arewa. Saboda haka hanyar da tukunyar kabon ta bi ta yaɗu a Jamus ba ta buɗe a nan ba.

Manyan masana'antun da ke bukatar iskar sun fara ne daga Legas. An kafa kamfanin Nigerian Brewery a 1946, ya fitar da kwalbar Star ta farko a 1949, ya buɗe reshen Kaduna a 1963. A. G. Leventis ya kafa Nigerian Bottling Company a 1951, aka fara cika Coca-Cola a 1953, kamfanin kuma yana da masana'anta a Challawa da ke Kano. A 1959 aka kafa Industrial Gases Limited domin samar da iskar masana'antu da ta asibiti, sai Seven-Up a 1960. Ga mutumin Batsari ko Runka, iskar kabon ta iso ne a cikin akwatin lemo, tukunyar kanta tana can a masana'anta. Da Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, haramcin sayar da giya ya samu ƙarfin doka a kan abin da al'ada ta riga ta tabbatar.

A ƙasashen Yamma akasin haka ya faru. Birtaniya ta soke bukatar lasisi ga mai dafa giya a gida a 1963, Shugaba Jimmy Carter kuma ya sa hannu kan dokar da ta halatta hakan a matakin tarayyar Amurka a 1978. Gangar da masu wannan sha'awa suka fi amfani da ita, mai cin kusan lita 19, asalinta ta lemo ce: kamfanin Cornelius ya shahara da ƙera ta domin na'urorin zuba lemo a gidajen abinci. Da masu lemo suka koma wani mazubin, sai tsofaffin gangunan suka faɗa hannun masu giyar gida. Ta haka tukunya mai matsi irin na masana'anta ta shiga ɗakin girki da but ɗin motar mutanen da ba su taɓa samun horo ba. Wannan shi ne halin da gas ɗin girki ya jefa gidajen Arewa a yau.

Abin da lambar ke nufi ga mai ɗauka da mai cikawa

A zafin digiri 20, matsin da ke cikin tukunyar kabon ya ninka na iskar gari kusan sau 57, wato ya fi na tayar ƙaramar mota sau ashirin da ɗoriya. Muddin akwai sauran ruwa a ciki, matsin ba ya sauyawa, ko tukunyar na cike ko ta kusa ƙarewa. Saboda haka agogon matsi ba ya faɗin yawan abin da ke ciki. Sikeli ne ke faɗi. Shi ya sa ake buga nauyin tukunyar ba komai a wuyanta, a ɗora ta a kan sikeli lokacin cikawa, a tsaya idan an kai adadi. A Amurka ƙa'idar ita ce kada nauyin kabon ya wuce kashi 68 cikin 100 na nauyin ruwan da tukunyar za ta iya ci. Sararin da ake bari a sama ba ƙwange ba ne, wurin da ruwan zai faɗaɗa ne idan ya ji zafi.

A digiri 31 matsin ya kai wajen ninki 74. Daga nan abin da Andrews ya gani ke aiki: babu sauran ruwa da iska a rabe, matsin kuma yana hawa da sauri a kan kowane digiri. Tukunyar da aka cika bisa ƙa'ida, in ta kusa digiri 50, matsinta ya haura ninki biyu na abin da yake a digiri 20. Wadda aka cika fiye da kima takan kai haka tun kafin zafin ya yi nisa. A Katsina zafin Afrilu yakan kai digiri 40 a inuwa, motar da aka rufe a rana kuwa cikinta na wuce 50. Saboda irin wannan ne ake sa wa bawul ɗin wani siririn faifan ƙarfe da aka ƙera domin ya fashe kafin tukunyar ta fashe. In ya fashe, duk abin da ke ciki yakan fito lokaci guda da ƙara da farin hazo.

Nan ne hatsari na biyu yake. Iskar ba ta da launi, ba a kuma sa mata wari. A sararin sama kimanin kashi 0.04 cikin 100 ce kawai. Idan ta kai kashi 4 rai na cikin hatsari, a wajen kashi 10 mutum kan suma cikin mintuna. Tukunya mai kilo 9 na ɗauke da iskar da ta kusa lita 5,000, cikin ƙaramar mota kuwa bai wuce kimanin lita 3,000 ba. Ko kashi ɗaya cikin goma ya tsiyaye alhali gilasai na rufe, direba ba zai daɗe a hayyacinsa ba.

Mafi munin shaidar abin da wannan iska ke iya yi ta faru ne a maƙwabta. Daren 21 ga Agustan 1986, Tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru, kusa da iyakar Nijeriya, ya saki iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashin ruwansa. Da yake ta fi iskar gari nauyi da kusan rabi, sai ta gangara kwaruruka kamar ambaliya. Ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500, cikinsu har da shanun Fulani makiyaya. Shekara biyu kafin nan Tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya. Daga 2001 aka fara kafa bututu a Nyos domin iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan.

Sauran ƙa'idojin duk daga waɗannan abubuwa biyu, matsi da shaƙewa, suka fito. Ana ɗaukar tukunya a tsaye, a ɗaure, domin in ta faɗi bawul ya karye, takan yi tsalle da ƙarfin da zai huda bango. Ana cire na'urar rage matsi kafin tafiya, a rufe bawul, a sa masa hula. Ba a amfani da ita a kwance, domin ruwan zai shiga na'urar ya daskarar da ita. Ba a barin ta a mota a rana, kuma motar da bayanta ke buɗe ta fi. Bayan duk wannan akwai gwaji: a cika tukunyar da ruwa, a matsa fiye da abin da take ɗauka a aiki, a auna yadda ta buɗe da yadda ta koma. Da ruwa ake yi saboda ruwa ba ya matsuwa, in tukunyar ta gaza sai dai ta tsage ba tare da tarwatsewa ba. A Amurka yawancin irin waɗannan tukwane ana gwada su duk shekara biyar, a buga wata da shekarar gwajin a kafaɗarsu.

Zangon ƙarshe: Batsari da Safana

Batsari da Safana suna gefen Dajin Rugu, wanda ya daɗe yana ba yankin itacen girki da wurin kiwo. Shekarun hare-haren 'yan bindiga sun mayar da shiga dajin kasada. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar matakan tsaro da ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana. A wannan shekarar ce gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta ayyana shekaru goma na bunƙasa amfani da gas. Idan itace ya yi wuyar samu, gidan da ke da hali yakan koma gawayi ko gas, tukunyar kuma sai ta bi hanyar da kowane kaya ke bi zuwa ƙauye: bayan babur, ko but ɗin motar haya, tsakanin buhuna, da tsakar rana.

Gas ɗin girki ya bambanta da kabon. Matsinsa bai kai rubu'in na kabon ba, amma yana kamawa da wuta. A sauran halaye kuwa tamkar wa da ƙane suke. Shi ma ruwa ne a cikin tukunya, shi ma da sikeli ake sayar da shi, shi ma ana barin kusan kashi 20 cikin 100 na tukunyar babu komai saboda faɗaɗa, shi ma ya fi iskar gari nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasan ɗaki ya jira ashana. Warin da ake ji ma ƙara masa ake yi. Al'adar sa wa gas wari ta bazu ne bayan 1937, lokacin da gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a New London ta jihar Texas, ya fashe, ya kashe mutum kusan 300, yawancinsu ɗalibai.

Babban bambancin da ke tsakanin Jamus ta 1890 da Katsina ta yau shi ne wanda ya mallaki tukunyar. A mafi yawan Nijeriya, mai gida ne ke sayen tasa, ya riƙa kai ta ana zuba masa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta ce wa'adin tukunyar gas shekara 15 ne, kuma a riƙa sake gwada ta duk shekara biyar. Amma tukunyar da ba ta taɓa komawa hannun kamfani ba, babu inda za ta haɗu da mai gwajin. Inda babbar tashar cika gas ta yi nisa, sai ƙananan shaguna su cike gurbin, suna juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama da tiyo, sau da yawa a tsakiyar jama'a. Ranar 4 ga Janairun 2020 wani shagon gas ya fashe a Sabon Tasha da ke Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya. Gana ta ga irin wannan a Atomic Junction da ke Akara a Oktoban 2017, daga nan gwamnatinta ta yanke shawarar komawa tsarin musanya, inda mai gida ke miƙa tukunyar da ta ƙare ya karɓi cikakkiya da aka riga aka duba a masana'anta. Wannan shi ne tsohon tsarin da aka fara da tukunyar kabon.

A Nijeriya alhakin ba tashoshin gas lasisi yana kan hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa. Sai dai tsakanin ofishin hukuma da shagon da ke bakin kasuwar ƙauye akwai tazara, a yankin da tsaro ya yi ƙaranci kuwa tazarar ta fi tsawo. Kafin a cike ta, aikin da injiniyan kamfani ke yi a wasu ƙasashe ya faɗo kan mutum uku: mai cikawa, ɗan acaɓan da zai ɗauka, da uwargidan da za ta kunna. Abin da ke hannunsu ba shi da yawa, amma yana da tasiri. Mai cikawa ya karanta nauyi da shekarar da aka buga a jikin tukunya, ya ƙi wadda ta yi tsatsa a gindi ko ta lotsa, ya kuma ƙi roƙon mai cewa a ƙara masa kaɗan bayan sikeli ya kai. Mai ɗauka ya tsayar da ita, ya ɗaure, ya zaɓi safiya ko yamma maimakon azahar. Mai girki ta ajiye ta a inuwa inda iska ke ratsawa, ta gwada mahaɗar tiyo da ruwan sabulu, in ta ji wari ta rufe bawul ta buɗe ƙofa kafin ta taɓa makunnin lantarki.

Waɗanda suka rubuta ƙa'idojin farko sun rubuta su ne a garuruwan da digiri 31 ke zama labari a jarida. Gibin kariyar da suka bari a cikin lissafinsu, zafin Maris zuwa Mayu na yammacin Katsina yana cinye wani sashensa tun tukunyar ba ta bar shago ba. Saboda haka sakacin da tukunya za ta iya jurewa a Leeds ko Remscheid, ƙarin rabin kilo ko awa biyu a rufaffiyar mota, a hanyar Batsari zuwa Safana ba lallai ta jure shi ba.